Hoton Rumbun Baba

Isa,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanwata Rahmatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta 'yan uwan da nisa ya raba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Alhaji Amiru da yara duka. Yaya ƙafar taki? An ce mini likitocin Fatakwal sun hana ki doguwar tafiya. To ki bi maganarsu, ko da yake na san tun kina yarinya ba a taɓa hana ki abu kin hanu ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Yaya ƙarin haƙurinmu kuma? Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata makwancinsa, ya sa ya huta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Kada ki sa wa ranki damuwa don ba ki samu zuwa ba. Babu wanda ya ga laifinki, kuma da kin ce za ki taso a kan wannan ƙafa da wannan hanya, ni da kaina za ni hana ki.

Mutanen gida suna nan da sauƙi. Inno tana cikin takaba a Tozai, ba ta kuka a gaban mutane, amma kwanon da aka kai mata yadda ya je haka yake dawowa, sai ɗan gefen da ta taɓa don kada a yi mata magana. Matata Luba tana can wurinta tun ranar rasuwa, ni kuma ina nan Isa ina cin girkin 'ya'yana, abin da nake fata Allah ya rubuta mini a cikin ladan haƙuri. Labarin ruwa kuwa, babu shi. Wannan ce damina ta biyu da sama ta juya mana baya. Hadari yakan haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, yara su fito da bokitai, sai ya watse ya bar mu da iska. An fita roƙon ruwa har an gaji da sanarwa. Geron da wasu suka samu suka shuka ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe kamar an gasa shi. A kasuwa kuwa dabbobi sun yi araha, hatsi ya yi tsada, kin san abin da wannan yake nufi ba sai na faɗa ba.

Dalilin wannan doguwar takarda shi ne ɗanki Attahiru. Na san kin sa Sa'adiyya ta yi ta kiran wayar yayanta ba ya ɗauka. Na kuma san wasu maganganu sun riga ni isowa wurinki, don labari daga Tozai zuwa Fatakwal yanzu ya fi motar albasa sauri, sai dai yana zubar da rabin kayansa a hanya. Na so in gaya miki ta waya, amma kin san sabis ɗinmu, ya bar kalma biyu ya haɗiye ta uku. Shi ya sa na zauna na rubuta. Abin da nake so ki riƙe tun daga nan shi ne, yaron ya samu aikin da ya yi shekaru yana nema, wani kamfani a Abuja yana jiransa zuwa ƙarshen watan nan, shi kuma ya ce ba za shi ba, ya bar sana'ar har abada. Bari in gaya miki yadda aka yi aka zo nan.

Kin san abin da ya karanto a Sakkwato, ko kuma in ce kin san sunansa, kamar yadda dukanmu muka san sunan. Yana gina wa mutane shafi a intanet, wato wani irin shago da ba shi da ƙofa ba shi da rufi, sannan ya shirya talla da hotuna da 'yan kalmomi, ya tura ta cikin wayoyin waɗanda yake ganin za su saya. Ranar da ya dawo da takardar gama karatu ya zauna yana yi wa Baba wannan bayani, Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ashe duk shekarun nan dillanci aka je aka karanto, da an faɗa masa tun farko ai da ya haɗa shi da dillalan kasuwar Isa sun koya masa kyauta, har da abincin rana. Attahiru ya ce nasa dillancin ba a ɗaga murya. Baba ya ce to wannan dillancin kurame ne. Haka suke tun ranar da kika yaye shi aka kawo shi Tozai, kin fi ni sani. Baba bai taɓa kiransa da wani suna ba sai ɓarawon mata, wai ya zo ya ƙwace masa Inno. Ni ma na yi nawa ba'ar, ba za ni ɓoye ba, amma sana'a ce ta gaske. Fatu mai daddawa da ke bayan gidana, wadda a da cinikinta bai wuce layinmu ba, yanzu direbobin Sakkwato suna tsayawa a ƙofarta suna ɗaukar saƙo, kuma aikinsa ne. Abin da ya rasa kawai shi ne wurin da zai yi aikin a biya shi, don mutanenmu suna ganin wanda ya danna maka waya ya cancanci godiya ne da addu'a.

Da bazarar da ta wuce ne kamfanin nan, masu tallata amfanin gona, suka ce suna neman ma'aikaci. Ba su yi jarrabawa irin wadda muka sani ba. Sun ce kowa ya gina shafin gwaji, ya yi masa talla, su ga mutum nawa za ta kai wa. Attahiru ya ce zai yi na hatsi. Yana da hotuna a kwamfutarsa tun shekarar da aka yi kaka mai albarka, kafin farin nan, lokacin da Baba ya cika babban rumbun ƙasa na tsakar gida har sai da aka danna murfi. Kin san dokar rumbun nan. Mu da aka haifa a gidan ba mu taɓa leƙa shi ba. Inno ta yi shekaru fiye da na rayuwata a gidan, ba ta san kalar cikinsa ba. Maigida ne yake hawa, shi ne yake saukowa da abin da za a ci, ba ya cewa ya cika, ba ya cewa ya yi ƙasa. Amma jika ba ya cikin doka. A shekarar can Attahiru ya hau tsani da wayarsa, Baba yana ƙasa yana yi masa barazana da sanda yana dariya, ya ɗauki zangarniyar gero jere har baki, rana tana haska ta kamar zinariya. Na ga hoton, Rahmatu. Ko wanda ya ƙoshi ya gan shi sai ya haɗiyi yawu.

Wannan hoton ya sa a gaban shafin. Da ya zo ba shagon suna, sai ya yi abin da kowane ɗan gidan kirki zai yi a ƙasar nan, ya rubuta Hatsin Gidan Wada, Tozai. Da yaron birni ne, da ya ƙirƙiro wani suna da babu shi a duniya, ya wuce. Shi kuwa a ganinsa ba a kiran abu ba a kira gidansa ba, kuma yana so ya girmama kakansa. A ƙasan shafin ya rubuta cewa gwaji ne, babu abin sayarwa. Sannan da aka tambaye shi yankin da tallar za ta zagaya, ya zaɓi Isa da Sabon Birni da kewaye, don nan ya sani, kuma a tunaninsa su wa za su kula. Suka kula. Wani ya ga hoton a wayarsa ya adana, ya kai caji a kasuwa, mai caji ya gani ya tura wa na kusa da shi, kafin la'asar hoton ya shiga Kurawa, washegari an ce har ƙetaren iyaka an gan shi. Hoton da sunan gidan suka yi tafiya tare, bayanin da ke ƙasa aka bar shi a tasha. Ki tuna kuma a wane lokaci ne. Lokacin da mata suke tafasa ganye da ɗan gishiri su ce wa yara tuwo yana tafe.

Na farkon zuwa wata tsohuwa ce daga dangin Inno, da ɗan ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi lafiyar kowa har da jaki, ba ta ambaci hatsi ba, ta dai ajiye ƙwaryar inda za a gan ta. Bayanta sai aka fara zuwa biyu-biyu, uku-uku. Dangin da rabonmu da su tun bikinki suka tuna da zumunci. Na'Allah na Kurawa, ɗan ƙanin Baba, ya zo da jaki da buhuna biyu a ninke, wai ya zo ne kawai ya ga jikin Baffa. Ya zauna a zaure yana nuna wa mutane hoton a wayarsa, yana buɗa shi da yatsu biyu don a ga ƙwayar da kyau, yana cewa Allah ya yi wa Baffansa rufin asiri, saura kuma Allah ya ba shi ikon tunawa da na baya.

Gaskiyar magana, Rahmatu, hatsin rumbun nan tun lokacin sanyi ya ƙare. Ni ban sani ba a lokacin, na dai yi zato, don na ga abin da gonar ta bayar bara. Abin da ya rage a gidan shi ne iri, wanda Baba ya ware a tukwane a ɗakinsa yana jiran ruwan farko. Da wani ne sai ya fito ya ce jama'a hoton tsoho ne, babu komai, ku yi haƙuri. Kin san Baba. Bai ce akwai ba, bai ce babu ba. Ya shiga ɗaki ya ɗebo daga irin ya zuba wa tsohuwar a ƙwarya. Na biyu ma haka. Na'Allah ya samu abin da bai kai kwatan buhu ba, ya tafi yana faɗa a hanya cewa Baffa yana da rumbu har baki amma da cokali yake auna wa jininsa. Maganar ta bazu. A masallaci aka fara wa'azin masu ɓoye abinci a lokacin yunwa, ba a kama suna ba, amma kowa ya san sahun da ake kallo. Akwai kuma abin da ya fi wannan ba mu tsoro, wato idanun da ba ma so su san hanyar gidanmu. Allah ya tsare, wannan bai faru ba, ba kuma za ni tsawaita a kansa ba.

Attahiru ya sauke shafin tun ranar da ya ji, amma hoton da ya shiga wayoyin mutane ba a kiransa ya dawo. Ya bi gida-gida yana rantsuwa cewa hoton na shekarun baya ne. Aka ce ai dole ya faɗi haka, an aiko shi ne ya rufe abin da ya tona. Sai ya zo wurina da dabara irin ta sana'arsa, kuma dabara ce mai kyau. Ya ce Kawu, hoto ne ya ɓata, hoto ne zai gyara. Zai hau ya ɗauki cikin rumbun yadda yake yau, ya tura ta hanyar da na farko ya bi, kafin kwana biyu kowa ya gani ya bar Baba ya huta. Muka tafi Tozai tare muka sami Baba a gindin rumbun yana gyaran igiya. Da ya gama jin mu, ya ce da ɓarawon mata ya taɓa tsanin nan gara ya taɓa gemunsa. Ya ce an nuna wa duniya cikinsa sau ɗaya yana ƙoshe, yanzu kuma ana so a nuna shi yana fanko, to shi ba amarya ba ne da za a yi ta buɗe masa fuska. Na sa baki, na kawo hujjoji, har da abin da na karanta game da yunwar zamanin da da yadda jita-jita take kashe mutane. Ya ce malamin makaranta ya adana wannan darasi ya kai wa 'yan aji, su ne ba su da ikon tashi su bar shi.

Da muka matsa, sai ya rage murya ya faɗi abin da har yau nake juyawa. Ya ce mu dubi unguwar. Rabin magidanta sun ɗaure kaya suna jiran abin da zai sa su bar garin. Abin da ya riƙe su shi ne suna kwana da sanin cewa akwai rumbu ɗaya a Tozai da bai ƙare ba, ko da mai shi marowaci ne, in ta kai ta kawo za a je a tsugunna masa. Ya ce ranar da suka ga ƙasan rumbun nan, ranar za a fara jin kukan jakuna a hanyar kudu, kuma wanda ya tafi da iyalinsa a irin wannan shekara ba ya dawowa. Ya ce a bar su su zage shi, zagi ba ya hana shuka. Ban sani ba, Rahmatu, ko tausayi ne ko girman kai, ko kuma a wurin Baba abubuwan biyu ɗaki ɗaya suke kwana. Na dai san mun tashi ba mu yi nasara ba.

Da irin ya ƙare, sai ya sayar da bijimin noma. Ya ce wa mutane ba shi da abin ciyar da shi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Daga baya tumakin suka bi. Wani mai hatsi a kasuwar Isa ne ya tsare ni ya gaya mini cewa tsohona yana saye a wurinsa, ana kai masa a amalanke a ƙarƙashin harawa. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne yadda yake raba shi. Da ya ga ana cewa daga ɗaki yake ɗebowa don yana jin ƙyashin buɗe rumbu, sai ya canza. Kullum in baƙi sun taru, sai ya jingina tsani, ya hau a gabansu, ya ɗaga murfi, ya zura hannu ya cika ƙwarya ya sauko. Wani ya zo, ya sake hawa. Mutumin da ya haura tamanin, wanda a masallaci sai ya dafa bango yake tashi daga sujada. Inno ta ce mini abin da ya fi ba ta mamaki shi ne, a hoto zangarniya ce, abin da yake saukowa da shi kuwa tsaba ce sussukakkiya, amma ba a sami mutum ɗaya da ya tambayi wanda yake sussuka a cikin rumbu ba. Ta kuma ce tuwon da take kai masa, rabinsa yake ci, ya ce zafi ne ya hana shi.

A cikin wannan hali ne kamfanin suka aiko wa Attahiru. Sun ce a duk waɗanda suka yi gwajin babu wanda tallarsa ta yi tafiya irin tasa, mutane sun yi ta tura ta da kansu, abin da su a wurinsu shi ne ƙololuwar gwaninta. Sun yaba hoton musamman, wai yana taɓa zuciya. Ya karanta mini saƙon a tsaye a ƙofar ajina, fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci. Na ce masa to ai ba su yi ƙarya ba, talla ta yi aiki, ba a taɓa yin wadda ta kawo masu buƙata ƙofar gida kamar wannan ba. Bai yi dariya ba, ni ma da na ji maganar a kunnena ban ga abin dariya a cikinta ba. Da Baba ya ji labari kuwa ya yi murna ta gaske. Ya ce a gaya wa mutanen Abuja su zo su kwashi ɓarawon nan da wuri, ko ya samu ya zauna da matarsa lafiya. Attahiru ya roƙi kamfanin su ɗaga masa ƙafa, suka yarda.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Ba faɗuwa Baba ya yi daga saman tsani ba, kamar yadda na ji an gaya miki. Yana saukowa ne, saura taki biyu, ƙafarsa ta zame, ya zauna a ƙasa da ƙwaryar a hannu, ko ƙwaya ba ta zube ba. Ya miƙa wa matar da take jira, ya ce a kama shi a kai shi inuwa. Daga wannan kwanciya bai tashi ba. Ma'aikacin lafiyar da muka kira ya ce babu karaya, jiki ne ya ƙare, ya tambaye mu ko tsohon yana cin abinci. Attahiru ne ya yi jinyarsa, shi yake juya shi, shi yake ba shi ruwa. Har ranar da Baba zai cika yana tsokanarsa, wai ya ga take-takensa, jira yake ya mutu ya gaje Inno. Ya cika da kalmar shahada a bakinsa, bayan azahar, alhamdu lillahi.

Bayan sadakar bakwai liman ya ce a ƙididdige abin da mamaci ya bari, kin san a nan ne doka take ba da izinin buɗe rumbu a gaban shaidu. An cika tsakar gidan, har waɗanda ba su da gado ko na allura. Na'Allah ya ce shi zai hau, tunda 'ya'yan gida za su iya rage lissafi. Na ce bismilla. Ya hau, ya ɗaga murfi, ya zura kai. Ya daɗe a haka har mutane suka fara tambayar ko lafiya. Sannan ya zura hannu ya jawo igiya. Wani ɗan kwando ne Baba ya rataya a jikin sanda a bakin rumbun daga ciki, daidai inda hannu zai kai, a nan yake juye abin da ya sayo kafin baƙi su zo. Akwai ragowar gero a ciki da bai cika tafi biyu ba. Ƙasan rumbun kuwa a share yake tas. Na'Allah ya sauko da kwandon, ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Matan da suke bakin ƙofa ne suka fara kuka, ciki har da waɗanda suka fi kowa zaginsa. Kafin mako ya zagayo gidaje da dama a unguwar sun rufe, an bi hanyar kudu.

Tun daga ranar Attahiru ya naɗe kwamfutarsa a zane ya tura ƙarƙashin gadon Inno, ya daina ɗaukar waya. Kullum da safe yana ɗaukar fartanyar Baba ya tafi gonar da ba a shuka komai a cikinta ba, ya yi ta kaftar busasshiyar ƙasa har rana ta take. Hannuwansa duk sun yi kanta sun fashe. Noman ma bai iya ba, Allah na tuba, kunyoyin da yake yi karkatattu ne kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Kin san tsofaffinmu suna ba kowace yunwa suna, to 'yan Tozai sun fara kiran wannan Shekarar Hoto, ba da mugunta ba, amma yana ji. Ya ce mini sana'ar da take sa a nuna abin da babu, ta kai tsoho kan tsani, ba zai ci abinci da ita ba. Na ce masa fari ne ya share rumbun ba shi ba, kuma Baba da ƙafarsa ya hau, da saninsa, bayan an kawo masa mafita ya ƙi. Na ce kuskurensa na wanda yake son gidansu ne, kuma wanda ya ga abin da hoto ɗaya zai iya yi wa gari, shi ya fi cancanta a ba amanar irin wannan aiki, ba wanda bai taɓa ƙonewa ba. Ya ce Kawu ya iya magana. Liman ya yi masa nasiha. Inno, da take cikin takaba, ta kira shi bakin labule ta ce angon nata ya tashi ya tafi nema, ita ba ta zama da miji mai zaman gida, kuma gidan nan yanzu ba shi da mai ciyar da shi sai shi. Ya ce to, ya ɗauki fartanya ya fita.

Saura mutum ɗaya da bai ji ta bakinta ba, ke ce. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Ɗan fari ne, kuma sunan surukinki gare shi. Tun da aka haife shi ba ki taɓa kiran sunansa ba, ba ki taɓa zama kin yi masa magana ido da ido ba, in kina son sanin lafiyarsa sai ki tambayi lafiyar mutanen gidan Inno. Haka aka tarbiyyantar da ke, kuma kin riƙe da kyau, har kin fi waɗanda suka koya miki. Amma Rahmatu, yaron nan ya fassara shirunki da wata fassara. Ya gaya wa Luba cewa ya san dalilin da ya sa kike sa Sa'adiyya ta kira maimakon ke, wai ba za ki iya jin muryar wanda ya kashe miki uba ba. Shi ya sa ba ya ɗauka. Yana tsoron ranar da zai ɗauka ya ji an tabbatar masa.

Na gaji da ganin gidanmu yana rufe baki a kan abin da kalma ɗaya za ta warware. Mun binne mutum ɗaya a kan haka. Ba na ce ki yi masa wa'azi ba, an yi masa ya ishe shi. Ki gaya masa da bakinki cewa ba ki riƙe shi da komai ba, ki ce ya tafi aikinsa. In sunan ya yi miki nauyi, ki tuna babu kowa a kan layin sai ke da shi, ni kuma za ni matsa nesa in toshe kunne. Ranar kasuwar Isa ta farko bayan takardar nan ta iso, za ni sa ya rako ni da sunan ɗaukar kaya, in kai shi bayan tasha inda sabis yake ɗan tsayawa. Daga azahar zuwa la'asar wayata tana hannuna. Tawa za ki kira, ba tasa ba.

Ki gaishe mini da Alhaji Amiru, ki ce na gode da saƙon ta'aziyya, kuma ki nuna masa takardar nan in kin ga dama. Ki gaishe da Sa'adiyya, ki ce ta huta da kira haka, an karɓe ta. Ina gaida Atiku da Uwa da ƙaramin da ban taɓa gani ba. Inno tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shafa man shanu a ƙafar ko likita bai ce ba. Luba da yara suna gaisuwa. Na'Allah ma ya ce a gaishe ki. Yana zuwa kabarin Baba duk Juma'a a ƙafa daga Kurawa, ban hana shi ba. Ku sa mu a addu'a Allah ya ba mu ruwa, ya jiƙan magabatanmu.

Kada ki ba Sa'adiyya wayar, Rahmatu. Ke za ki kira.

Wassalam.
Yayanki,
Kassimu Wada Tozai